Yadda Ake Tabbatar da Butloda Zai Iya Karanta Faifai Kafin a Sake Kunna Saba

Duk wanda ya taɓa kula da saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a wani ofishi a Abuja ya san cewa ba kullum mutum ne ke zaɓar lokacin da na'ura za ta mutu ta sake tashi ba. Ana iya ɗauke wuta da ƙarfe biyu na dare, batirin inbata ya ƙare kafin mai gadi ya tada janareta, sai saba ta kashe kanta, in wuta ta dawo kuma ta yi ƙoƙarin tashi ba tare da kowa a kusa ba. Wannan halin da muke ciki shi ya sa kuskure guda ɗaya, wanda a wata ƙasa zai iya ɓuya wata shida kafin ya bayyana, a nan ba ya kwana biyu bai fito fili ba. Kuskuren shi ne a ɗaukaka tsarin fayil na faifan da kwamfuta ke tashi daga kansa, alhali butloda, wato ƙaramar manhajar da ke fara karanta faifai domin ta ɗauko kanel, zuciyar tsarin aiki, tana nan a tsohon zubinta.

Na ga wannan da idona a wani ƙaramin ofishi a Garki. Matashin da ke kula da na'urorinsu ya sabunta tsarin aikin FreeBSD daga zubi na 13 zuwa na 14 ranar Alhamis, ya ga umarnin `zpool status` yana ba shi shawarar ɗaukaka rumbu, wato ma'ajiyar da tsarin fayil na ZFS ke haɗawa daga faifai, ya bi shawarar, komai ya ci gaba da aiki lafiya lau har aka tashi daga aiki ranar Juma'a. Ranar Litinin da safe ma'aikata suka tarar babu fayil ɗaya da ke buɗewa. Da muka jona allo a bayan sabar, abin da muka gani layi biyu ne kawai cikin farin rubutu, na farkon yana cewa `ZFS: unsupported feature: com.klarasystems:vdev_zaps_v2`. Bayanai ba su lalace ba, faifan ma lafiyarsa ƙalau, amma mai buɗe ƙofar ne bai san sabon makullin ba.

Dalilin faruwar haka yana cikin yadda kwamfuta ke tashi. A lokacin da aka kunna ta, babu tsarin aiki a ƙwaƙwalwarta, saboda haka direban ZFS ko na ext4 da ke cikin kanel, wato manhajar da ke karanta waɗannan tsarin fayil, bai fara aiki ba tukuna. Butloda yana ɗauke da nasa ƙaramin direban, wanda karatu kawai ya iya, kuma yana da jerin siffofin da ya sani. Idan ya tarar da wata siffa a faifai wadda ba ta cikin jerinsa, kuma siffar ta sauya yadda ake karanta bayanai, to zai ƙi taɓa faifan gaba ɗaya. Abin da ke rikita mutane shi ne butloda ba ya zama a wurin da sauran manhajoji suke. Kwafinsa yana cikin jakar `/boot`, kuma sabunta tsarin aiki yana sabunta wannan kwafin, amma wanda na'ura ke amfani da shi a zahiri yana wani ɓangare na daban a farkon faifai. A FreeBSD, umarnin `freebsd-update` yana kawo sabon `/boot/loader.efi` da sabon `/boot/gptzfsboot`, amma aikin kai su wancan ɓangaren na mai kula da sabar ne.

Kafin a taɓa komai, ya kamata mutum ya tambayi kansa ko yana buƙatar ɗaukakar ma. Saƙon da `zpool status` ke nunawa cewa akwai siffofin da ba a kunna ba sanarwa ce, ba alamar matsala ba ce, kuma rumbu zai iya yin shekaru a haka yana aiki ba tare da wata tangarɗa ba. A ganina, in ba ka da wata siffa takamaimai da kake so, kamar matse bayanai da zstd wanda ya zo da zubi na 2.0 na OpenZFS, manhajar da ke tafiyar da ZFS, to barin rumbun tashi yadda yake ya fi alheri, domin `zpool upgrade` hanya ce da ba a juyowa. Wanda ya saba dogara da `bectl` domin komawa tsohon tsarin aiki ya lura sosai a nan: siffofin rumbu suna shafar rumbun ne gaba ɗayansa, saboda haka komawa tsohon muhallin tashi ba ya kashe su, hasali ma tsohon kanel ɗin shi ma yana iya kasa buɗe rumbun bayan an ɗaukaka.

Matakin farko na bincike shi ne sanin hanyar da na'urarka ke tashi, domin akwai hanya biyu kuma gyaran kowace daban ne. A FreeBSD, `sysctl machdep.bootmethod` zai amsa da BIOS, wato tsohuwar hanya, ko UEFI, wato sabuwar. A Linux, idan akwai jakar `/sys/firmware/efi` to da UEFI aka tashi, in babu ita kuma da BIOS ne. Kada ka dogara da abin da ka tuna ko abin da wanda ka gada ya faɗa maka, musamman a kan tsofaffin sabobi na hannu da ke cike a ofisoshinmu, waɗanda sau da yawa suna iya hanyoyin biyu, kuma batirin allon uwa in ya mutu saitin yana iya komawa na asali ba tare da ka sani ba. Saboda wannan dalilin ne nake sabunta duka biyun idan na tarar da ɓangarorinsu a faifai.

Daga nan sai ka duba yadda aka raba faifan da `gpart show`. Abin da kake nema shi ne ɓangaren da aka rubuta `efi` da wanda aka rubuta `freebsd-boot`, tare da lambar kowanne. Ka rubuta lambobin a takarda, domin a nan ne aka fi yin ɓarna. Misalin da ya fi yawo a intanet yana cewa `gpart bootcode -b /boot/pmbr -p /boot/gptzfsboot -i 1 ada0`, kuma mutane suna kwafe shi ido rufe. Wannan `-i 1` ɗin yana nufin ɓangare na ɗaya. A faifan da aka shirya domin hanyoyin biyu, ɓangare na ɗaya yawanci na `efi` ne, `freebsd-boot` kuma na biyu, saboda haka wanda ya kwafi umarnin kamar yadda yake zai zuba `gptzfsboot` a kan ɓangaren EFI ya rusa tsarin fayil na FAT da ke ciki, garin neman gira ya rasa ido. Lambar da za ka sa bayan `-i` ita ce wadda `gpart show` ya nuna a gefen `freebsd-boot`, ba wata ba, kuma in babu `freebsd-boot` a faifanka to wannan umarnin ba naka ba ne sam.

Bayan ka san hanyar tashi, sai ka san abin da ɗaukakar za ta kunna. Umarnin `zpool upgrade` shi kaɗai, ba tare da sunan rumbu ba, ba ya sauya komai, jerin siffofin da ba a kunna ba kawai yake nunawa ga kowane rumbu. Umarnin `zpool get all zroot | grep feature@` kuma, inda `zroot` shi ne sunan rumbun, yana nuna halin kowace siffa, kuma hali uku ne: `disabled` ga wadda ba a kunna ba, `enabled` ga wadda aka kunna amma ba ta taɓa rubuta komai da sabon salo ba, da `active` ga wadda ta riga ta sauya tsarin faifai. Tsohon butloda ba ya damuwa da wadda ke `enabled`, wadda ke `active` ce ke hana shi karatu, in dai tana cikin siffofin da ba a iya karanta rumbu ba tare da sanin su ba. Littafin `man zpool-features` yana faɗin wannan ga kowace siffa, kuma yana faɗin lokacin da take komawa `active`. Ka karanta wannan sashen da natsuwa, domin a nan tarkon yake. Siffar `head_errlog` tana zama `active` da zarar an kunna ta kuma ba ta komawa baya. Ita `vdev_zaps_v2` sai a karo na gaba da aka shigo da rumbun take zama `active`, ita kuwa zstd tana jiran ranar da wani zai sa `compression=zstd`, wanda yana iya zama bayan watanni, lokacin da kowa ya manta an taɓa ɗaukaka wani abu. Saboda haka, tashi lafiya sau ɗaya bayan ɗaukaka ba hujja ba ce cewa an tsira.

Yanzu sai ainihin gwajin, wato kwatanta abin da ke cikin `/boot` da abin da ke ɓangaren tashi. A na'ura mai UEFI, ka ɗora ɓangaren EFI idan ba a ɗore yake ba, da `mount -t msdosfs /dev/ada0p1 /boot/efi`, sannan ka duba `efibootmgr -v` domin ka ga wane fayil ne na'urar ke kira a zahiri. Yawanci ɗayan biyu ne, `efi/freebsd/loader.efi` ko `efi/boot/bootx64.efi`, kuma na biyun shi ne wanda UEFI ke komawa gare shi idan jerin tashi ya goge. Ka kwatanta kowannensu da sabon:

`cmp /boot/loader.efi /boot/efi/efi/freebsd/loader.efi`

`cmp /boot/loader.efi /boot/efi/efi/boot/bootx64.efi`

Idan `cmp` ya yi shiru, fayilolin iri ɗaya ne. Idan ya ce sun bambanta, to na ɓangaren EFI tsoho ne, kuma kana iya ganin abin da ya sani da idonka, tunda sunayen siffofin suna rubuce a cikinsa: `strings /boot/efi/efi/boot/bootx64.efi | grep vdev_zaps_v2` ba zai fito da komai ba idan butlodan ya girmi siffar. A na'ura mai BIOS ana yin irin wannan binciken kai tsaye a kan ɓangaren, da `dd if=/dev/ada0p2 bs=64k | strings | grep vdev_zaps_v2`, bayan ka tabbatar `ada0p2` shi ne `freebsd-boot` naka. Ka kula cewa `if=` ka rubuta, domin `of=` rubutawa yake yi a kan faifan.

Gyaran kansa ba shi da wuya. A UEFI kwafa ce kawai, wato `cp /boot/loader.efi` zuwa wuraren nan biyu, amma ka fara duba sarari da `df -h /boot/efi`. Na'urorin da aka girka tun kafin FreeBSD 13 suna iya zuwa da tsarin FAT mai girman 800K kacal, ko da ɓangaren da kansa ya fi haka girma, kuma kwafar da ta tsaya a rabi saboda rashin wuri ta fi tsohon butloda muni. Idan akwai sarari, ka ajiye tsohon da wani suna kafin ka rufe shi da sabon, sannan ka sake yin `cmp` bayan kwafar. A BIOS kuma umarnin `gpart bootcode` ne da lambar da ka tabbatar.

Akwai abin da ake yawan mantawa a sabar da ke da faifai biyu masu riƙe da kwafin juna. ZFS yana daidaita bayanan da ke cikin rumbu ne kawai, bai san da ɓangaren EFI ko `freebsd-boot` ba, saboda haka dole ka maimaita aikin a kan kowane faifai da hannunka. Ba sau ɗaya ba na buɗe ɓangaren EFI na faifai na biyu na tarar da shi fanko, ko tsarin fayil babu a ciki, wanda ke nufin ranar da faifai na farko ya mutu, bayanai suna nan amma na'urar ba za ta tashi ba. Idan ka tarar da haka, `newfs_msdos -F 32 -c 1 /dev/ada1p1` zai shirya shi, sai ka ƙirƙiri jakunkunan ka kwafa butloda, amma ka duba sunan ɓangaren sau biyu kafin ka danna, domin wannan umarnin yana share duk abin da ya tarar.

A ɓangaren Linux lamarin ya fi tsauri idan butloda mai suna GRUB ne ke karanta ZFS, domin direban ZFS na GRUB yana bayan OpenZFS nesa ba kusa ba, kuma sabunta shi ba lallai ya kawo siffar da kake buƙata ba. Shi ya sa Ubuntu ke raba rumbu biyu, ƙaramin `bpool` domin `/boot` da babban `rpool` domin sauran kaya, kuma ƙa'idar ita ce kada a ɗaukaka `bpool`, sannan a guji `zpool upgrade -a` wanda ke haɗa duk rumbunan ya ɗaukaka. Tun daga OpenZFS 2.1 na shekarar 2021 akwai kariya ta musamman: idan ka sa `zpool set compatibility=grub2 bpool`, to ko wani ya yi kuskuren ɗaukakawa, siffofin da ke cikin jerin GRUB ne kawai za su kunnu. Jerin yana cikin `/usr/share/zfs/compatibility.d`, kuma ya dace ka buɗe jakar ka ga sunayen fayilolin da ke zubinka. Wannan saiti bai ɗaukar minti ɗaya, kuma ina ganin ya kamata ya zama aikin farko a kan kowane rumbun tashi da mutum ya gada. Masu amfani da Proxmox su duba `proxmox-boot-tool status`, wanda ke nuna ɓangarorin tashi da yake kula da su da kuma hanyar da kowanne ke bi. Inda kanel ke zaune a ɓangaren EFI, butloda ba ya karanta ZFS ko kaɗan, amma nauyin ya koma kan `initramfs`, ƙaramin kunshin fayilolin da kanel ke fara aiki da su, wanda dole ya ƙunshi sabon direban ZFS, kuma tsofaffin kanel da ke jerin tashi suna iya kasa buɗe rumbun.

Ba ZFS kaɗai ke da wannan hali ba. A watan Fabrairu na 2023, e2fsprogs 1.47.0, fakitin da ke shirya faifan ext4, ya fara kunna `metadata_csum_seed` a sababbin faifan ext4, GRUB 2.06 na asali kuwa bai san wannan siffa ba, sai ya riƙa cewa `unknown filesystem` a kan faifai mai lafiya, har sai da rabe-raben Linux suka yi masa faci, gyaran kuma ya shiga GRUB 2.12 da ya fito a Disambar 2023. Tsarin fayil na XFS ma yana da irin nasa, kamar `bigtime` da ke kai kwanan wata gaba da shekarar 2038, wanda in aka kunna shi da `xfs_admin` ba a kashe shi, kuma GRUB da ya girmi 2.06 bai san shi ba sai in an yi masa faci. Ana ganin siffofin ext4 da `dumpe2fs -h`, na XFS kuma da `xfs_info`. Umarnin `grub-probe /boot` gwaji ne mai amfani, domin idan ya kasa faɗin sunan tsarin fayil ɗin to kada ka kusanci maɓallin kashewa. Sai dai nasararsa ba ta isa ba, saboda yana gwada GRUB ɗin da ke cikin fakitin da aka girka ne, ba wanda aka rubuta a farkon faifai shekaru uku da suka wuce ba. A BIOS sai an yi `grub-install` a kan kowane faifai, a Debian da Ubuntu kuma `dpkg-reconfigure grub-pc` ya fi, domin yana tuna faifan da ka zaɓa ya riƙa sabunta su nan gaba. A Fedora da danginta masu UEFI ba a amfani da `grub2-install`, fakitin `grub2-efi` da `shim` ake sake girkawa.

Tsarin da nake bi, wanda ya dace da yanayin wutarmu, shi ne butloda ya riga rumbu. Sabon butloda yana karanta tsohon rumbu ba tare da matsala ba, saboda haka babu wani dalilin jira. Ka sabunta tsarin aiki, ka sabunta butloda a kowane faifai, sannan ka sake kunna na'urar tun rumbun yana tsohon halinsa, domin in akwai kuskure a kwafar, kana da tsohon butloda da kowace filashin ceto da za su iya buɗe shi. Ka bar ta ta yi kwanaki tana aiki har ka tabbatar ba za ka koma tsohon zubi ba. Ranar ɗaukakar, bayan ka tabbatar da kwafin ajiyarka a wani wuri dabam, ka yi `zpool checkpoint zroot` kafin `zpool upgrade zroot`. Wannan alamar komawa ita ce kaɗai ke iya mayar da rumbu halinsa na da har da siffofinsa, ta hanyar `zpool import --rewind-to-checkpoint` daga filashin ceto, amma duk abin da aka rubuta bayan alamar zai tafi, saboda haka kariya ce ta awanni ba ta makonni ba. Muddin tana nan, rumbun ba ya sakin sararin abubuwan da aka goge, kuma ba ya barin a cire faifai ko a ƙara masa abokin kwafi, don haka ka cire ta da `zpool checkpoint -d zroot` da zarar na'urar ta tashi lafiya.

Ka yi wannan sake kunnawar kana tsaye a gaban na'urar, ko kuma kana da hanyar ganin allonta daga nesa kamar iDRAC ko iLO wadda ka gwada a ranar. SSH, wato shiga saba ta hanyar sadarwa, ba zai taimake ka ba a nan, domin abin da ke lalacewa yana faruwa ne tun kafin katin sadarwa ya farka. Wanda ke zaune a Kubwa ko Mararaba sabarsa kuma tana Wuse ya san abin da cunkoson safiya zai ci masa, ga shugaban ofis yana kira kowane minti biyar yana tambayar ko an gyara.

Idan kuwa ka riga ka ɗaukaka rumbun kafin ka karanta wannan, kuma na'urar tana kunne har yanzu, to ba a yi asarar komai ba tukuna, sai dai kada ka ɗaga aikin zuwa gobe. Ka duba batirin da ke riƙe da ita, ka sabunta butloda yanzu a kowane faifai, ka tabbatar da `cmp` da `strings`, sannan ka sake kunnawa da kanka. In kuma aikin gama ya gama, allo yana nuna saƙon siffar da ba a sani ba, ka tashi na'urar da filashin girka FreeBSD na zubin da ka ɗaukaka zuwa gare shi ko wanda ya fi shi sabunta, ka zaɓi `Shell`, ka duba `gpart show`, ka ɗora ɓangaren EFI a `/mnt`, ka kwafa `/boot/loader.efi` na filashin zuwa wuraren nan biyu, ko ka yi `gpart bootcode` idan BIOS ne. Ba ka buƙatar shigo da rumbun ma, tunda gyaran bai shafe shi ba. Haka muka yi a ofishin nan na Garki, kuma kwafar kanta ba ta kai minti biyu ba. Abin da ya cinye mana safiyar shi ne filashin ceton da ke aljihun teburinsu ta tsohon zubi ce, butlodan da ke cikinta bai san siffar ba shi ma, sai da muka sauke sabon hoto da datar waya muka rubuta a wata filashin, sannan sabar ta tashi dab da azahar.